Keken doguwar tafiya: ka san inda kaya za su zauna kafin ka zaɓi gaban keke

Kekuna biyu masu taya iri ɗaya na iya shan bamban da zarar an ɗora musu kilo 15. Yawanci daga gaba matsalar take, kuma lambobi uku ne ke bayyana ta a jadawalin awon da kamfani ke fitarwa: kusurwar wuyan keke (bututun da fok ke juyawa a cikinsa), fitar fok gaba, wato ƙarfen da ya riƙe tayar gaba, sai tirel.

Tirel ne abin dubawa. Ka ja layi ya bi wuyan keke har ƙasa. Tazarar da ke tsakanin inda layin ya sauka da inda taya ta taɓa ƙasa ita ce tirel. Wuya mai digiri 72 da fok mai fitar milimita 45 a kan tayar 700C (lambar girman taya ce) mai faɗin milimita 35 suna ba da kusan milimita 65. Idan aka miƙar da wuyan zuwa digiri 73, aka sa fok mai fitar 65 da tayar 650B, wadda ba ta kai 700C girma ba, mai faɗin 42, sai ya sauko wajen 35. Ƙara fitar fok rage tirel yake yi, ba ƙara shi ba. Nan masu saye da yawa ke ruɗewa.

Mai dogon tirel, 60 zuwa 70, shi ne akasarin kekunan tafiya. Yana riƙe hanya a gangara, yana kuma jure jakunkuna a kariyar baya. Aibinsa yana fitowa ne a hawa, lokacin da gudu ya ragu: kan keke ya riƙa faɗawa gefe da kansa, domin duk juyawar da aka yi gaban keken yana ɗan sauka ƙasa. Ka rataya jaka mai kilo 5 a jikin kan keken, sai ka ji kamar kokawa kake da shi. Maganin shi ne kariyar gaba ta ƙasa, wadda ke ajiye jakunkuna daidai cibiyar taya, nauyin dama da na hagu ɗaya.

Mai gajeren tirel, 30 zuwa 45, salon masu ƙera keke na Faransa ne tun tsakiyar ƙarni na 20. An yi shi don kayan gaba, jaka a zaune kan ƙaramar kariya bisa taya, ba a reto a jikin kan keke ba. Da kaya a gaba yana bin hannu ko a hankali ake tafiya. Amma a jibga masa komai a baya, sai gaba ya yi sakayau, wani lokaci har ya kama rawa a gangara, musamman idan bodin siriri ne ko kariyar tana lilo.

Wanda zai ɗauki tanti da tukunya a jaka huɗu, dogon tirel ya fi masa. Mai kaya kaɗan da yake so a gabansa, ya nemi gajere.

Kafin ka biya, duba ko akwai ramin ƙusa na ɗaura kariyar gaba a tsakiyar ƙafar fok, da iyakar nauyin da kamfani ya yarda a ɗora masa, musamman fok na kabon, wato wanda ba na ƙarfe ba. Ka juya kan keke feda tana gaba, ka ga ko takalmi na taɓa taya. Sannan ka gwada shi da kaya, a hawa da gangara.