Man ido na tetracycline a idon doki: inda yake aiki da inda ba ya yi

Daga shigowar hunturu har zuwa bazara, masu dawakai a Maradi, Tibiri da Madarunfa suna fama da ciwon ido a barga. Ƙura na tashi, ciyawa ta bushe, doki ya cusa kai cikin harawa ko karan gero, tsinke ya karce shi. Ga kuma ƙaiƙayi da ƙarangiya masu maƙalewa ƙarƙashin fatar ido. Abin da aka fi saurin sayowa shi ne ɗan bututun nan na man ido, tetracycline 1%, wanda ake samu a farmasi da araha. Magani ne mai kyau, ya kamata kowane mai doki ya ajiye shi. Sai dai aikinsa guda ne, kuma akwai idon da ke lalacewa don an ɗora wa man abin da ba zai iya ba.

Aikin nasa shi ne hana ƙwayoyin cuta samun gindin zama a rauni. Idan karcewar ta tsaya a saman gilashin ido, wato shimfiɗar nan mai haske da ke gaban baƙin ido, idon da kansa yake haɗe ta cikin kwana 5 zuwa 7, man kuwa gadi yake yi. A nan ya fi maganin ɗigawa, domin hawaye na wanke ɗigo nan da nan, shi kuma mai yana daɗewa a ciki. Wanda ya samu Terramycin na ido ya fi dacewa, saboda an haɗa shi da polymyxin B, wanda ke kama wata ƙwayar cuta mai saurin cin ido da tetracycline kaɗai ba ya iya mata.

Kafin a shafa, a tsaya gaban dokin a kwatanta idanun biyu. Gashin idon lafiyayye yana miƙe waje, na mai ciwo kuwa yana kallon ƙasa, kuma sau da yawa wannan ce alamar farko tun kafin hawaye da kwantsa. Sai runtse ido, gudun rana, da kumburi. A wanke da serom, wato ruwan gishiri na farmasi, ko ruwan da aka tafasa ya huce, gishiri giram 9 cikin lita ɗaya, da sirinji wanda aka cire wa allura. Kada a buɗe idon da ƙarfi ko a danna ƙwayar idon. Idan raunin ya yi zurfi, dannawar na iya fasa ta.

Wajen shafawa, mutum ɗaya ya riƙe ragama. Mai shafawa ya wanke hannu, ya jingina gefen hannunsa a kumatun dokin yadda in ya fizge kai hannun zai bi shi, ya ja fatar ido ta ƙasa da babban yatsa, ya matsa mai tsawon santimita ɗaya a cikinta. Bakin bututun ya kwanta a gicciye, kada ya nufi ƙwayar. Wannan bakin shi ne babban aibin kayan, don an yi shi ne domin mutum mai zaune shiru, kuma yana iya ƙara wa doki wani raunin. Ana shafawa sau 3 zuwa 4 a yini. Sau ɗaya da safe bai isa ba. Man yana kama ƙura, saboda haka a goge gefen idon kafin kowace shafawa, a ɗaure dokin a inuwa, a sa masa ragar fuska don ƙudaje.

Man ba ya rage zafi, kuma ba ya kashe fangas, wato ƙwayar cuta irin funfuna, wanda tsinken ciyawa kan shigar cikin rauni. In akwai ƙaiƙayi a ɓoye, ko an shafe bututu uku idon ba zai warke ba sai an cire shi. Haka kuma bai dace da idon da ya fashe ba.

Babban haɗarin ma yana wajen saye ne. In tetracycline ya ƙare, mai shago kan miƙo kwalbar ɗigon ido ya ce ta fi ƙarfi. A karanta jikinta. In an ga dexamethasone, prednisolone, hydrocortisone ko betamethasone, a ajiye ta. Waɗannan suna kwantar da ja da kumburi cikin kwana ɗaya, mai doki ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali sun hana raunin haɗewa, sun kuma raunana kariyar idon. Gyambon sai ya zurfafa, gilashin ya yi laushi ya fara narkewa, abin da kan iya faruwa cikin kwana 1 zuwa 2. Suna da amfani a wani ciwon na cikin ido, amma sai likitan dabbobi ya tabbatar babu karcewa. Tabbatarwar ba wuya: ɗan tsinken takarda ne mai rinin fluorescein, a taɓa shi a ido, duk inda ya karce sai ya fito kore. Ido tsirara ba ya ganin ƙaramin rauni. Maganin feshi mai shuɗi na miki, garin kafso, taba, sukari da kwalli kuwa duk ƙara ƙona idon suke yi.

A kira likita ranar, ba gobe ba, idan idon ya rufe ruf, ko an ga fari ko rawaya a gilashin, ko jini a ciki, ko wani baƙin abu ya ɓullo a tsakiyar raunin. Haka in kwana 2 sun wuce ana shafawa ba sauƙi. Shi zai kwantar da dokin ya duba ƙarƙashin fata, ya ba da flunixin, maganin zafi da kumburi, ta jijiya, miligiram 1.1 a kowane kilo, wato kusan mililita 6.6 na mai ƙarfin miligiram 50 a kowace mililita ga doki mai kilo 300. Yana iya ɗiga atropine, maganin da ke sassauta zafin cikin ido, amma ita tana rage motsin hanji, don haka a lura da kashin dokin da cin abincinsa. In fatar ido ce ta yage tana lilo, kada a yanke ta da reza. Tana da jini sosai, ɗinki na kama ta, idon da ya rasa ta kuwa zai riƙa bushewa har abada. A nemi allurar tetanus tare.

A sayi man a farmasi ko shagon magungunan dabbobi mai inuwa, ba a tiren da ya yini cikin ranar Afrilu ba. A duba ranar ƙarewa, a tabbatar an rubuta na ido ne, domin akwai na fata mai 3% wanda ba a sa shi a ido. Kowane doki da bututunsa, kuma wanda aka buɗe a yar da shi bayan wata guda.