Bishiyar kasuwa ko ta hannu? Amsa ga amarya mai shirin Kirsimetin farko

Amarya ƙanwata, barka da shigowa sahun masu ɗaki. Kin ce wannan ne Kirsimetinki na farko a gidan miji, ciki da falo kuke haya, surukai za su zo ranar 26 ga wata, kuɗin hannu kuma an riga an kasa shi tsakanin shinkafa, kaji da ɗinki. Kina so ki san wanne ya fi: ki shiga kasuwa ki sayo bishiyar roba da kayan ƙyalƙyali, ko ki zauna ki haɗa naki da hannu. Ga ra'ayina tun daga farko: bishiya da adon bango ki yi su da kanki, fitilu kuwa ki saya, ki sayi masu kyau. Dalilina kuma ba tsada ba ce kawai. Hunturu ne.

Kayan adon da ke cika shaguna a Taminus ta Jos, ko Sabon Gari ta Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, galibinsu daga Chaina ake shigo da su, yawanci daga wani birni da ake kira Yiwu, inda sana'ar ta yi ƙarfi. Shi ya sa farashinsu yake bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga inda kayan waje suka nufa. Amma ko da kina da kuɗin, waɗannan kaya an yi su ne don gidajen da tagoginsu ke rufe ruf. Mu a Disamba iska ce ke kwaso ƙura daga Sahara ta shigo mana da ita ta ƙarƙashin ƙofa, komai ya bushe ƙayau, wuta kuma ba ta da wuyar kamawa. Duk abin da za ki rataya a falo, da wannan ma'auni za ki auna shi.

Mu fara da bishiyar, tunda ita ce ke cin kuɗin. Ta roba tana da abin yabo, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Kina buɗe kwali, ki harhaɗa, ki mimmiƙe rassa, shi ke nan. Tana kore shar yadda yara ke gani a talabijin, kuma idan mai kauri ce za ta yi miki shekaru. Matsalarta uku. Ganyenta siraran roba ne da aka naɗa a jikin waya, ƙura tana maƙale masa, kuma ba a goge shi da tsumma kamar tebur. Kafin a shiga sabuwar shekara koren ya koma ruwan toka. Na biyu, mai arahar ba ta da cikar ganye, kina hango ƙarfen tsakiya daga bakin ƙofa, ƙafafunta kuma roba ce marar ƙwari, yaro mai rarrafe yana jan reshe ɗaya ta kife. Na uku shi ne wanda amare ba sa tunawa sai a Janairu: ina za ki ajiye ta wata goma sha ɗaya? A ciki da falo, ƙarƙashin gado akwatuna sun riga sun kama wuri, saman durowa kuma kayan gara. Can za ta zauna ita da ɓera da kyankyaso har damina ta zo ta jiƙa kwalin.

Ta hannu kuwa iri biyu ce. Ta farko busasshen reshe. Ki nemi mai yatsu da yawa, tsawonsa kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Reshen gwaba ya fi kyau saboda jikinsa sumul ne kuma yana da lanƙwasa mai ban sha'awa, na darbejiya ma yana yi. Ki guji duk mai ƙaya, irin su aduwa, magarya da bagaruwa. Ki kankare ɓawon da ya ɗago, ki shafa masa ragowar farin fentin ruwa, irin na bango. Farar ƙasa ma tana yi, sai dai tana zuba idan an taɓa. Ki kafa shi a tsohon bokitin fenti, ki fara zuba duwatsu a ƙasa sannan yashi har wuya, ki naɗe bokitin da ƙyallen atamfa. Wannan ba yaron da zai kayar da shi cikin sauƙi. Ƙura kuma ba ta da ganyen da za ta ɓuya a ciki, ɗan tsumma mai laima ya isa.

Ta biyu ita ce na fi so wa mai ƙaramin falo, domin ba ta cin ƙasa ko taku ɗaya: bishiyar bango ta kara. Ki samo karan dawa masu miƙewa, ki ɓare musu ganye, ki yanka guda bakwai ko takwas. Na ƙasa ya kai inci 30, kowane na sama da shi ki rage masa inci 4. Ki shimfiɗa su a ƙasa daga dogo zuwa gajere, da tazarar kamar inci 5 a tsakani, ki bi gefen dama da na hagu da igiya mai ƙwari kina ɗaure kowane kara, igiyoyin biyu su haɗu a sama. Da kin ɗaga, sai ki ga siffar bishiya ta fito. Ƙusa ɗaya take buƙata, wataƙila ma wadda kalanda ke rataye a kai. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ƙera motar kara yana yaro, don haka ki miƙa wa ango wuƙa, wannan aikinsa ne.

Kada wani ya ce miki wai in ba kore ba ce ba bishiyar Kirsimeti ba ce. Al'adar daga Jamus ta fito, ta bazu a Ingila bayan da aka buga hoton iyalin Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat a gindin irin wannan bishiya a 1848. Sun ɗauki itacen da ya rage da ganye a lokacin sanyinsu ne, abin da ke bakin ƙofarsu. Abin da ke bakin ƙofarmu a Disamba kayan kaka ne: kara, ƙwarya, zoɓo, gyaɗa, barkono. Da su za ki cika rassan. Busasshen zoɓo idan aka jera shi a zare yana ba da ja mai duhu wanda fenti ba ya bayarwa. Jan barkono haka, amma ki rataye shi sama inda hannun yaro ba ya kai. Gyaɗa mai ɓawo a tsoma ta a farin fenti. Lemon zaƙi a yanka shi falle-falle, a shanya a kan faifai. A wannan iskar ba ya daɗewa ya bushe, kuma haske yana ratsa shi. Ludayin duma da ƙananan ƙore, a huda, a saka zare. Tauraron sama ki yanka shi daga kwali, ki lulluɓe da takardar azurfar da ke cikin kwalin shayi ko fakitin madara.

Abu biyu ne ban yarda da su ba a nan. Auduga da ake barbaɗawa a rassa wai dusar ƙanƙara ce: ƙura tana mayar da ita ruwan ƙasa tun kafin ranar, kuma ba abin da ya kai ta saurin kama wuta. Sai idon zakara, 'ya'yan nan ja masu ɗigon baƙi. Suna da kyau ƙwarai, sun kuma dace da launin bikin, amma dafinsu yana kisa idan aka tauna. Kada su shiga gidan da yara ke shiga.

Mutanen Jos za su ce ai su suna da ɗanyen reshe mai kama da na Turai, a yanko kawai. Gaskiya ne, kuma ranar farko babu kamarsa, har ƙanshi yake yi. Amma bushewar hunturu ba ta raga masa, ganyen zai yi ta zuba kina shara, kuma busasshensa makamashi ne. In kina son kore, gara shuka mai rai a tukunya, ki yi mata ado, bayan biki ta koma waje.

Adon bango da na rufin ɗaki ba zan daɗe a kansa ba. Igiyar ƙyalƙyali ta kasuwa tana zuba, za ki yi ta tsintar ta a cikin tuwo har Fabrairu. Takardar ado mai launi tana da araha, kuma yara suna jin daɗin haɗa sarƙar zobba da ita, sai dai ruwa yana taɓa ta launin ya zuba a bango, rana kuma tana kashe shi. Balan-balan na yini ɗaya ne, ki hura su da safiyar ranar, ki kwashe duk wanda ya fashe kafin ƙaramin yaro ya kai baki. Wanda ya fi su duka shi ne ƙyallen tela. A watan Disamba kowane shagon ɗinki cike yake da guntayen atamfa da leshi da shadda, sau da yawa shara ake yi da su. Ki je tun farkon wata, domin daga tsakiyarsa telan da bai yi barci ba ba ya sauraron roƙo. Ki yanka su masu kusurwa uku, tsawon tafin hannu, ki ninka bakin sama a kan igiya ki ɗinke ko ki manne da gam. Ki tsaya a kan launi biyu ko uku, kada falon ya rikice. Idan akwai ragowar ankon bikinki ko na Zumuntar Mata, ki saka a ciki; uwar miji za ta gane yadin tun daga ƙofa. Wannan ana wanke shi, a goge, a ninke a leda, baɗi a sake fito da shi.

Tunda gidan haya ne, ki yi hankali da salatif. A bango mai ƙura ba ya kamawa, inda ya kama kuma da fenti yake fita, ki ja wa kanki magana da mai gida. Ki ɗaura igiya daga ƙarfen labule zuwa ƙarfen taga, ki rataya komai a jikinta.

Akwai kuma ɗan garken da ake yi don tuna haihuwar Almasihu, da komin dabbobi da makiyaya. Wannan ya girmi bishiyar nesa ba kusa ba: Waliyyi Faransis na Asisi ne ya shahara da shirya shi a wani gari na Italiya a 1223. Na kasuwa na tangaran ne ko roba, yana da tsada, na tangaran kuma hannun yaro ɗaya ya ishe shi. Na gida kuwa kwali ne da kara da ciyawa, tumaki da jaki a gina su da yumɓu, a bar iska ta busar. A nan na hannu ya yi nasara ba gardama. Sai dai ki fara jin ta bakin maigidanki. Gidajen Katolika da na Angilika da yawa sun saba da shi, amma ba kowace ikilisiya ce ke sakin jiki da siffofi a ɗaki ba, kuma ba kya so ranar farko da surukai ta zama ranar muhawara. In akwai shakka, tauraro da ayar Luka sura 2 a rubuce a kwali sun wadatar.

Yanzu fitilu, inda na ce ki buɗe jaka. A nan babu maganar haɗawa da hannu, kuma a nan ne araha ba ta ado. Kyandir dai ki cire shi daga lissafi, kusa da kara da ƙyalle da labule ba wurinsa ba ne. Masu shiga soket sun fi haske da tsawo, amma masu arahar wayarsu siririya ce sosai, kuma kin san halin wutarmu: a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, a tayar da janareta. Tsofaffin masu ƙananan ƙwan fitila suna zafi, ki taɓa ki ji. Ki nemi na LED, waɗanda ba sa zafi sosai kuma ba sa shan wuta, ki sa mai shago ya kunna su a gabanki, ki bi wayar da yatsa ki tabbatar babu inda ta saɓule. Wadda ta tsinke a zubar, ba a ɗaure ta da leda.

Masu batir ko masu shiga abin cajin waya na tafi-da-gidanka su ne zaɓina ga bishiyar kara ko ta reshe. Ƙarfin wutarsu kaɗan ne, ba ruwansu da NEPA, kuma daren da unguwa ta yi duhu su ne za su haska falon. Ki zaɓi masu cin batir irin na rimot, ki guji masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli, domin idan yaro ya haɗiye shi maganar asibiti ce ta gaggawa. Masu sola sun dace da baranda ko bakin ƙofa, amma hazo yana rage musu caji, kuma sai kin riƙa goge ƙurar da ke kan farantin kowace safiya, in ba haka ba tun kafin a gama cin abincin dare sun mutu. Ko wace iri kika saya, ki kashe kafin ku kwanta, ki kashe kafin ku tafi sujadar dare, musamman ta 31 ga wata da ake daɗewa.

Ba kowa zan hana bishiyar roba ba. Mai aikin asibiti da ke kwana a bakin aiki har jajibere, ko wadda ke da sito a gida kuma ta san ba tashi za su yi ba, ta saya abinta, ta sayi mai kauri mai ƙafar ƙarfe. In ma ranki ya biya ƙwarai, ki bari sai Janairu, lokacin da 'yan kasuwa ke neman rabuwa da ragowar kaya su mayar da kuɗinsu. A nan ake samun ragi. Bana dai ki fara da neman kara da ƙyalle tun makon farko na Disamba, ki ɗaga adon mako ɗaya ko kwana goma kafin ranar don kada ƙura ta riga baƙi ganinsa. Wasu suna saukewa bayan sabuwar shekara, wasu sai 6 ga Janairu. Ranar da kika sauke, kara da reshe a fitar da su, tunda ƙwari za su ci su kafin baɗi, ƙyalle a wanke, fitilu kuma ki cire musu batir kafin ki naɗe su a jikin guntun kwali, domin batirin da ya kwana shekara a ciki yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen.