Saƙa SQL cikin harshen manhaja: wace hanya ta dace da kai?

Muddin SQL ɗinka, wato harshen yi wa rumbun bayanai tambaya, rubutu ne zalla a cikin kod, kwamfaila (manhajar da ke harhaɗa kod) ba ta san abin da ke ciki ba. Ka kuskure harafi ɗaya a sunan ginshiƙin tebur, ba za ka gane ba sai manhaja ta hau aiki. Ana son kuskuren ya fito tun wajen harhaɗa kod, amma hanyoyin ba kuɗinsu ɗaya ba.

Mafi tsada ita ce taɓa harshen kansa, yadda Microsoft ta yi da LINQ, hanyar rubuta tambaya kai tsaye cikin harshen, a C# 3.0 a 2007. Kalmomin from, where da select su ne ɓangare mai sauƙi, domin kwamfaila kiran Where da Select kawai take mayar da su. Inda aikin yake shi ne a iya ajiye lambda (ɗan fankshan marar suna) a matsayin bishiyar jimla, wato jimlar da aka warware kashi-kashi, wadda wani ɗakin kod zai karanta ya juya ta SQL. In harshenka bai iya wannan ba, kada ka fara.

A nan ne ma tarkon yake. Ba kowace jimla ke juyuwa ba. Mutum ya sa fankshan ɗin da ya rubuta da kansa cikin where, rumbun bayanai bai san shi ba. Kafin sigarsa ta 3.0, Entity Framework Core, ɗakin kod ɗin Microsoft mai juya LINQ zuwa SQL, kan kwaso layukan zuwa ƙwaƙwalwar manhaja ya tace su can, gargaɗi kawai yake bayarwa. Da tebur mai layi 50 ba wanda zai lura. Da mai layi miliyan, sabar ta durƙushe. A 2019 aka sauya, yanzu kuskure yake jefawa. In kai ne mai gina irin wannan, ka sa ya jefa kuskure tun ranar farko. Sai batun NULL, wato gurbin da babu komai a ciki: a C# null daidai yake da null, a SQL kuwa amsar ba gaskiya ba ce ba ƙarya ba, don haka dole mai juyawa ya riƙa cusa IS NULL inda ya kamata.

In harshen yana da makro, wato kod mai samar da wani kod lokacin harhaɗawa, ka huta da rabin wahalar. Quill a Scala tun wajen harhaɗawa yake fitar da SQL, Ecto a Elixir ma da makro ya gina from ɗinsa. SQLx a Rust ya bar ka da SQL ɗinka, sai dai makro ɗin query! yana tuntuɓar rumbu na gaske ta DATABASE_URL ya tantance. Injin gwajin da ba shi da rumbu zai ƙi harhaɗawa, sai ka riga ka gudanar da cargo sqlx prepare.

Harshe marar makro kuwa, samar da kod daga tsarin tebura shi ya fi aminci a ganina: jOOQ a Java, sqlc a Go. Sharaɗi guda, duk sauyin tebur sai an sake samarwa, in ba haka ba kod ya riƙa amincewa da ginshiƙin da aka goge. Ka kuma duba lasisi: jOOQ kyauta ne ga PostgreSQL, MySQL da SQLite, amma Oracle da SQL Server sai ka biya.

Mafi araha ita ce sauya ma'anar alamomi, irin ta SQLAlchemy. Python ba ta yarda a sauya and da or ba, shi ya sa ake rubuta & da |, kuma tunda & ya fi == ƙarfin ɗauri, kowane sharaɗi sai an kewaye shi da baka biyu, wato ( ).