Ranar da na kai Hajiya Giran Kanyon

Assalamu alaikum mutanen gida. Hajiyarmu ta zo ganin jika a nan jihar Arizona ta Amurka, na ce ba za ta koma Kano ba sai ta ga Giran Kanyon, wani makeken rami da ake zuwa kallo. Ta ce, "Kai yaro, da wace gwiwar?" Na ɗauki keken guragu muka kama hanya.

A bakin ƙofa dala 35 na biya wa motarmu, takardar kuma ta kwana bakwai ce. Daga nan ba wanda ya sake miƙo hannu. Motocin safa da ke zagayawa da mutane a ciki kyauta ne, ruwan sha ma famfo ne ka cika gorarka.

Abin da ya tsaya mini a rai a wajen motar nan ya faru. Layi ya yi tsawo, rana ta take. Direbar, wata dattijuwa, tana hango keken Hajiya sai ta sauke wani faifan ƙarfe har ƙasa, ta taso daga kujerarta, ta ɗaure keken da hannunta, ta ja ta ga ya kamu. Motar cike take, amma ban ji tsaki ko ɗaya ba. Ba mai cewa a yi sauri. Hajiya ta riƙe hannunta ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ba ta jin Hausa, amma ta gane. Wallahi ƙwalla ta cika mini ido, don na tuna yadda muke ciccibar Hajiya mu biyu kafin ta shiga adaidaita sahu, mai ita yana ta hon.

Hanyar bakin ramin a shafe take, na tura ta har jikin ƙarfen kariya. Zurfinsa ya kai mita 1,800, tsawonsa kilomita 446, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Kogin Kolorado da ya haƙa shi can ƙasa kamar zare. Hajiya sai tasbihi.

Abincinsu dai Allah ya sawwaƙe. Burodi mai sanyi da ganye, kuɗi tsababa, ni kuwa gurasa bandashe nake tunawa. Banɗaki tas, amma babu buta, sai da gora muka yi alwala.

A hanyar dawowa Hajiya ta ce rabonta da hawa Dala tun tana budurwa, ga ta haifaffiyar gindinsa. Mu da wa za mu yi kuka? Mu ne muke watsa ledar fiya wata a matakalarsa, mu ne muke tsuguno a gefensa. Badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu muna kallo ana yankar ta ana dasa shaguna. Tun 1919 mutanen nan suka killace raminsu suna tattalinsa.

Ta ce in wanke mata hoton da aka ɗauke ta da direbar, za ta kai wa ƙawayenta na Islamiyya.