Yaron da ya gyara mana shafin oda a Damagaram

Jama'a in kuna da shafin saye da sayarwa ku nemi mai aikin intanet da ya san hannunsa, mu dai wani yaro ne nan unguwar Zengou ya yi mana kuma wallahi na yaba.

Matsalarmu ita ce mutum zai cika odar takalmin fata ko jaka ya aika, rezo ya ɗan yi nauyi kamar yadda ya saba, sai ya sake loda shafin, oda ta shigo sau 2. Yaron ya duba ya ce shafin da harshen kwamfuta na Java aka rubuta shi, kuma bayan an karɓi oda wani umarnin Java mai suna RequestDispatcher aka sa ya miƙa buƙatar ga wani shafi a cikin saba, wato kwamfutar da shafin yake kanta, to burauza, wato manhajar da mai saye ke buɗe shafin da ita, ba ta san an yi ba, adireshin sama bai canza ba, shi ya sa in ka sabunta sai ta sake turo fom ɗin gaba ɗaya. Ya mayar da wurin zuwa wani umarnin mai suna sendRedirect, wato saba ta amsa da lamba 302 (alamar a koma wani adireshi) da sabon adireshi, burauza ta tafi can da sabuwar buƙata. Bayanan tsohuwar buƙatar ba sa bin sabuwar, don haka lambar oda a zaman mai saye (session, wato inda saba ke riƙe bayanan mai saye muddin yana kan shafin) ya ajiye ta.

Abin da ya burge ni ba ko'ina ya canza ba, shafin nuna kaya ya bar shi da miƙawar cikin saba ta RequestDispatcher don tafiya ɗaya ce ta fi sauri a waya.

Kuɗinsa da sauƙi. Sai dai ɗaukar waya ce ba ya yi da wuri, ku tura masa saƙo ta WhatsApp ya fi.