Kafin ka zuba kuɗi kan auna nutsewar ƙasa da tauraron ɗan adam

Wani ɗan kwangila da muke majalisa ɗaya wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ya tare ni kwanaki, wai an ce mashi akwai tauraron ɗan adam mai ganin ƙasa in tana nutsewa ko da milimita ce, shi kuma ya gina gidaje kan wani tsohon kududdufi da aka cike, bango ya fara tsagewa, yana so a sayo mashi hoton. Na ce Alhaji wane daga ciki? Sai ya yi shiru. To taurarin suna da yawa, wani kyauta wani da Yuro, kuma akwai aikin da ko an ba ka mai tsadar ba zai yi maka komai ba.

Dabarar da ake wannan awon da ita, wadda ake kira InSAR, ba hoto ba ne irin na kyamara. Tauraro ne ke harbo igiyar rada ƙasa ta koma mashi, bayan kwanaki ya sake bi ta wurin ya ƙara harbawa, in ƙasar ta ɗan nutse ko ta taso a tsakani to tafiyar igiyar ta canza kenan, wannan ɗan bambancin shi ake fiddawa a zane mai kalar bakan gizo. Kowane zagayen kala yana nufin ƙasa ta motsa da rabin tsawon igiyar. Girgizar ƙasar Landers ta Kalifoniya a 1992 ce ta fito da dabarar fili, da aka haɗa hotunan tauraron ERS-1 aka ga yadda ƙasa ta goce. Ba ruwanshi da dare, ba ruwanshi da hadari, hazon hunturu ma da ke rufe mana gari ba ya hana shi gani.

Wanda nake cewa kowa ya fara da shi Sentinel-1 ne na Turai, don ko sisi ba a biya. An harba na farko a 2014, na biyu ya lalace a Disambar 2021, aka harba wani a Disambar 2024. Tauraro ɗaya yana dawowa wuri duk kwana 12, faɗin abin da yake ɗauka kilomita 250, ya fi nisan Katsina zuwa Kano. Igiyarshi santimita 5.6 ce, kenan zagayen kala ɗaya santimita 2.8, in kuma an tara hotuna da yawa ana sauka har milimitoci a shekara. Babban daɗinshi tarihi, hotunan shekarun baya suna ajiye, za ka iya tambayar ko unguwa ta fara nutsewa tun kafin a yi gini. Inda yake da rauni ƙwayar hoton, wato ɗigo mafi ƙanƙanta da yake rarrabewa, mita 5 ce a mita 20, filin hamsin da ɗari ƙwaya huɗu zuwa biyar ne kacal a wurinshi. Unguwa zai gani, ɗakinka ba zai gani ba.

Kuma kyautar nan tana da haƙori. Hoto ɗaya yakan kai gigabait 4 ko fiye, aikin kirki yana son hoto 20 zuwa 30 mafi ƙaranci, ka lissafa data, ka lissafa kwamfuta mai ƙarfi da za ta kwana tana aiki ga wutar da ka san halinta. Ni dai na daina sauke su gaba ɗaya, shafin Vertex na Alaska Satellite Facility nake shiga, akwai HyP3 da ke haɗa maka hotuna biyu a can kan injinansu ka sauke sakamako ƙarami, rajista kawai ake yi. Mai son yi da hannunshi ga manhajar SNAP ta hukumar sararin samaniyar Turai kyauta, ga MintPy na jera hotunan lokaci zuwa lokaci. Manhajojin GAMMA da SARscape na kuɗi ne, ma'aikata ko jami'a za su iya, ɗalibi kar ya wahalar da kanshi.

Sai na kuɗi, TerraSAR-X na Jamus da aka harba a 2007 da COSMO-SkyMed na Italiya. Igiyarsu gajera ce wajen santimita 3, ƙwayar hoto mita 3 har zuwa mita 1, su kam suna rarrabe gini da gini. Amma kowane hoto da kuɗinshi, kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba, oda ake ba su su ɗauka, ba kamar Sentinel-1 da ke ɗauka a kai a kai ba. In ba wanda ya taɓa odar wurinka to daga yau za a fara tarawa, TerraSAR-X kwana 11 yake dawowa, hoto 20 kwana 220 kenan, fiye da wata 7 kana jira bango na ƙara buɗewa. Wannan na manyan ayyuka ne, bangon dam irin Zobe ko Jibiya ko Sabke, gada, layin dogo irin na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina, inda kuɗin hoto ba komai ba ne kusa da kuɗin abin da ake gadi.

Akwai kuma masu doguwar igiya wajen santimita 24, ALOS-2 na Japan tun 2014, da NISAR na Amurka da Indiya da aka harba a Yulin 2025 wanda shi bayanansa kyauta ne. Amfaninsu ganye. Dabarar nan tana son fuskar ƙasa ta zauna yadda take tsakanin hoto da hoto, rufin kwano, dutse, kankare, shi ya sa cikin gari take aiki sosai. Gona kuwa da damina gero da dawa suna tashi kullum, manomi ya yi huɗa, Sentinel-1 sai ya ba ka hoto kamar talabijin ɗin da ta rasa tasha. Doguwar igiya tana ratsa ganye ta taɓa ƙasa. In wurinka wajen Funtuwa ne ko Bakori ka duba su. Rairayin arewa da iska ke kwasa kuwa kowane tauraro yana shan wahala da shi, sai dai a kafa allon ƙarfe mai kusurwa uku da ke maida igiya, mai walda zai iya haɗawa in an ba shi awo, amma a kafa shi kan kankare mai zurfi kuma a samu mai gadi, kun san 'yan jari bola.

Duk wanda ka zaɓa akwai abin da ba ya gani. Taurarin daga arewa zuwa kudu suke zagaye suna kallon gefe, motsin sama da ƙasa da na gabas da yamma suna kamawa, na arewa da kudu kusan makafi ne. Ba sa kuma gargaɗin abin da ke faruwa dare ɗaya. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 rada za ta nuna maka inda ruwa ya kwanta bayan an yi, wannan wani aiki ne daban, haka gaɓar kwari da zaizaya ta karya lokaci guda.

Mutumin da zai yi aikin ya fi tauraron muhimmanci gaskiya. Na taɓa ganin rahoton da wani ya kawo, hoto biyu kacal na watan Agusta, ja da shuɗi gwanin kyau, wai unguwa ta nutse santimita biyu. Tururin ruwa ne na sama, yana jinkirta igiya ya yi kama da motsin ƙasa. Kafin ka biya kowa ka tambaye shi hoto nawa zai haɗa na shekara nawa, wane wuri ya ɗauka a matsayin wanda ba ya motsi tunda awon duk kwatance ne, ya haɗa hotunan da tauraro ya ɗauka yana hawa arewa da na lokacin da yake saukowa kudu, yaya ya yi da tururi, kuma ya raba kumburin laka na damina da ke komawa da rani daga nutsewar gaske. In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Shi Alhaji ce mashi na yi ya nemi safiyo mai lebur ya kafa alamomi jikin fandishon ya riƙa aunawa duk wata, a manna ɗan gilashi ko siminti kan tsagar a rubuta kwanan wata, injiniya ya haƙa ya ga irin cikon da aka yi. Ni kuma zan duba mashi unguwar a Sentinel-1 mu ga ko kududdufin gaba ɗaya ne ke sauka ko gidajenshi kaɗai. Ya ce nawa zai ba ni, na ce ya sa mani data.