Ƙalubalantar tarar fakin a unguwannin Ingila: abin yabo da abin kuka

A unguwannin Ingila da ake ware gefen titi domin mazauna masu izini, jami'in kansil, wato ƙaramar hukumar yankin, ba ya tambayar wa ke da mota. Ya duba lambar mota, bai ga izini ba, ya manna takardar tara mai suna PCN a gilashi. A wajen Landan tarar galibi fam 70 ce ko 50, gwargwadon girman laifin. A Landan, tun Afrilun 2025, ta kai fam 160 a unguwannin da suka fi cunkoso. Wanda ya biya cikin kwana 14 rabi zai bayar.

Hanyar ƙorafi hawa uku ce, duk kyauta, amma ba ɗaya suke da inganci ba.

Hawa na farko shi ne ƙorafi ga kansil ta shafinsu na intanet, kafin wata wasiƙa ta iso gida. Kada a biya tukuna, domin biya yakan rufe maganar. A tura cikin kwana 14, saboda yawancin kansil sukan sake ba da damar biyan rabi idan sun ƙi ƙorafin. Nan ne hawa mafi rauni. Amsa takan zo da jimlolin da aka saba aika wa kowa, wani lokaci ba a ko taɓo hujjar da mutum ya kawo ba. Duk da haka, nan ne uzuri yake da kasuwa: rashin lafiya, lalacewar mota, izinin da ya ƙare jiya aka sabunta yau. Kansil na da ikon yafewa, musamman ga laifin farko.

Kafin a rubuta komai, a duba lambar laifin da ke jikin takardar. Lamba 12 na nufin babu izini sam, kuma babbar tara ce. Lamba 19 na nufin akwai izini amma ba ya aiki a wurin ko a lokacin, ita ƙaramar tara ce. Lamba 21 kuwa wurin ne aka dakatar na ɗan lokaci, don gyaran titi ko kwashe kaya. Kowacce da irin shaidarta. A ta 21, tambayar ita ce yaushe aka kafa allon sanarwa, kuma ana ganinsa daga inda motar take? A ta 12, a ɗauki hoton allon da ke gefen wurin, da zanen ƙasa, da motar daga nesa yadda za a ga tazarar da ke tsakaninsu. Allon da reshen bishiya ya rufe ko aka juya fuskarsa hujja ce mai ƙarfi. A ɗauka ran nan, kafin a gyara. Yanzu izini da yawa babu takarda, da lambar mota aka haɗa shi, don haka sifili a madadin harafin O, ko sauya mota ba a sanar ba, ya isa ya jawo tara. A haɗa da rasidin biyan izinin.

Idan kwana 28 suka wuce ba a biya ba, wasiƙa mai suna Notice to Owner za ta je wa wanda sunansa ke rajistar DVLA, hukumar rajistar motoci, ko ba shi ya tuƙa ba. Nan mutane da yawa suke faɗawa rami: sun tashi daga gida, ba su sauya adireshi a takardar rajistar motar (V5C) ba, wasiƙu na ta zuwa tsohon gida. Daga isowarta akwai kwana 28 na ƙorafi a hukumance, wato hawa na biyu. Doka ta ɗaure kansil ta amsa cikin kwana 56, in ba haka ba ana ɗauka ta amince. Sai dai a wannan hawa galibi rangwamen rabi ya tafi, kuma wannan ne babban aibin tsarin: mai gaskiya ma yakan biya rabin don gudun cikakkiyar tara.

Hawa na uku ne ya cancanci yabo. Idan kansil ta ƙi, akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara gaban lauya mai zaman kansa: London Tribunals a Landan, Traffic Penalty Tribunal a sauran Ingila da Wales. Ana shigarwa ta intanet, ana iya zaɓar a yanke bisa takardu ko a yi zama ta waya ko bidiyo. Dole kansil ta baje shaidarta, har da hotuna da bayanan jami'in, kuma wani lokaci takan janye maimakon ta yi wannan wahala. Faɗuwa ba ta ƙara tarar, kuma da wuya a ɗora wa mutum kuɗin shari'a. Amma mai yanke hukuncin ba ya soke tara don tausayi. Abin da yake dubawa shi ne ko laifin ya auku, ko alamun sun bayyana, ko kansil ta bi ƙa'ida. Mai uzuri kawai, iyakar abin da zai samu shi ne a shawarci kansil ta sake dubawa.

Shiru shi ne mafi tsada. Takardar Charge Certificate, wadda ake aika wa wanda bai biya ba kuma bai yi ƙorafi ba, tana ƙara kashi 50 cikin ɗari, fam 160 ta koma 240, daga nan a yi rajistar bashin a kotu a Northampton, sai masu karɓar bashi da nasu kuɗin a kai. Wanda wasiƙar Notice to Owner ba ta taɓa isa gare shi ba yana iya cike fom TE9 cikin kwana 21 daga umarnin kotu, a mayar da maganar baya.

Duk wannan na tarar kansil ne. Takardar kamfanin fakin mai zaman kansa, irin ta harabar kanti, ita ma PCN ake rubuta mata, amma ƙorafinta kamfanin ake fara kai wa, sannan hukumomin ɗaukaka ƙara na POPLA ko IAS.